YAWON TSIBIRAI A CIKIN ƘARAMIN JIRGI

Jawabin da aka yi wa manya masu koyon karatu a ƙasar Kura da Bunkure

An ce in yi muku jawabi a kan wani abu na duniya wanda ba ku saba ji ba. Na zaɓi in ba ku labarin mutanen da su kan shiga ƙaramin jirgin ruwa, su uku ko huɗu, su yi wata da watanni suna yawo daga wannan tsibiri zuwa wancan. Watakila wani zai ce, ina ruwan manomin shinkafa da tumatir da zancen jirgi? To, ya yi haƙuri ya saurara har ƙarshe. Ruwan nan da ke bin kanal a bakin gonarsa yana da hanya har zuwa wani tafki mai tsibirai. Kuma abin da ya ke tsare mutanen jirgi daga halaka shi ne wannan abu da ku ke zaune kuna koyo, watau karatu da rubutu da lissafi.

TSIBIRI DA JIRGIN ISKA

Tsibiri tudu ne wanda ruwa ya kewaye shi ta kowane gefe. Mutanen Yawuri su kan ce masa gungu, shi ya sa a ke kiran mazauna tsibiran kogin Kwara na can Gungawa. A cikin teku akwai tsibirai dubbai, waɗansu sun kai ƙasa guda girma, waɗansu ba su fi gonar gandu ba. Waɗanda ke wajen ƙasashe masu zafi irin tamu sun fi daɗin zuwa, domin babu sanyi mai tsanani, ga itatuwan kwakwa, ga farin yashi, ga ruwa garau har mutum ya kan hangi kifi yana yawo a ƙasa.

Jirgin da a ke wannan yawo da shi Turawa suna ce masa yot. Galibi tsawonsa daga ƙafa 30 ne zuwa 50. A tsakiyarsa akwai wata doguwar sanda a tsaye, ta fi sandar jigo tsawo nesa ba kusa ba. A jikinta a ke ɗaura manyan ƙyallaye masu kauri. In iska ta hura su, sai su cika su yi tumbi, jirgi ya yi ta tafiya ba mai, ba gawayi. Akwai ɗan inji a ciki, amma ba a cika ta da shi ba sai za a shiga tasha, ko kuwa iska ta ɗauke.

Za ku ce, me ya hana iska ta kifar da shi? Abin da ya hana yana ƙarƙashin ruwa, ba a ganinsa. A cikin jirgin, ta ƙasa, an liƙa wani dogon ƙarfe mai nauyi ƙwarai, na dalma ko na baƙin ƙarfe. Ku ɗauki gora, ku zuba 'yan duwatsu a gindinta, ku jefa ta a ruwa. Duk yadda kuka karkata ta, za ta komo ta miƙe. To, haka wannan jirgi ya ke. A cikinsa kuma akwai 'yan gadaje, da wurin dahuwa, da makewayi, da tankin ruwan sha, duka a matse kamar ɗakin gwauro.

ZAMAN MUTUM HUƊU A TEKU

Babban jirgin kaya yana da ma'aikata da yawa, kowa da aikinsa. Ƙaramin jirgi kuwa ba haka ba ne. Mutum ɗaya shi ne matuƙi, shi ne kuku, shi ne maɗinki in ƙyalle ya yage, shi ne makaniki in inji ya ƙi tashi. Akwai shugaba guda, kuma in hadari ya taso maganarsa ce a ke bi ba gardama, domin jirgi mai sarki biyu ba ya isa gaci.

Jirgi ba ya tsayawa da dare a tsakiyar teku, gama babu inda za a ɗaure shi. Saboda haka su kan raba dare da rana, kowa ya yi gadi awa 3 ko 4, sa'an nan ya ta da ɗan'uwansa ya kwanta. Mai gadi ya kan sa rigar da ke hana nutsewa, ya kuma ɗaure kansa da igiya a jikin jirgi. In ya faɗa ruwa cikin duhu alhali sauran suna barci, jirgi zai wuce ya bar shi, ba wanda ya sani sai da safe. Ku da ku ke kwana a gona kuna jiran ruwa ya iso layinku, kun san nauyin ido da asuba. Ku tuna cewa wannan mai gadi ran mutum uku ne a hannunsa.

Kafin su tashi su kan zauna da takarda da fensir, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ga misali. Mutum 4 ne, kowa zai sha lita 3 a yini, watau lita 12 ke nan. In suna tsammanin kwana 20 a hanya, ba za su yi lissafin 20 ba, sai 30, domin iska ta kan yi nawa. Lita 12 sau 30 ya zama 360, watau jarka 18 mai cin lita 20. Ruwan teku gishiri ne, wanda ya sha shi ƙishirwa za ta ƙaru. Jiragen yanzu da yawa suna da na'urar da ke tace gishirin, amma mai hankali ba ya dogara da ita kaɗai, domin na'ura ta kan lalace.

Akwai kuma wani littafi da ba a rabuwa da shi, a na ce masa littafin jirgi. Duk wanda ya gama gadi sai ya rubuta a ciki: ƙarfe nawa ne, ina aka dosa, gudun jirgi nawa ne, daga ina iska ta ke, ruwan sha nawa ya rage. Amfaninsa kuwa shi ne, a tsakiyar teku babu tsamiya ko kuka da za ka ce ka gane hanya da ita. Amma in ka san ka dosa yamma, kana cin kilomita 10 kowace awa, ka kuwa yi awa 24, to, ka san ka ci kilomita 240, sai ka ɗiga alama a taswira. Yanzu akwai na'ura mai magana da taurarin ɗan'adam, ta nuna maka inda ka ke. Duk da haka ƙwararru ba su bar rubutu ba, domin ran da batir ya mutu, littafin nan ne zai kai su gida.

Isowa tsibiri ma da nata dokar. Kewaye da tsibiran ƙasashe masu zafi akwai duwatsun murjani a ɓoye ƙarƙashin ruwa, masu kaifi kamar wuƙa. Ba a shiga tsakaninsu da dare, sai rana ta yi sama. Sa'an nan mutum ɗaya ya tsaya a goshin jirgi yana duban launin ruwa, yana nuna wa matuƙi hanya da hannu. In sun saki anka, sai su ɗaga tuta rawaya, alamar baƙi ne ba a duba su ba tukuna. Shugaba ya ɗauki fasfo ɗin kowa da takardun jirgi ya kai wa ma'aikatan kwastan, kana a sauka.

ISKAR DA KE TURA SU

Kun san iskar hunturu, wadda ta ke zuwa mana daga arewa maso gabas da ƙura da sanyi. Wannan iska ba a nan ta ke ƙarewa ba. Irinta tana busawa a kan tekun Atlantika, ta dosa yamma, har ta kan kai ƙurar Sahara tsibiran Karebiya, kusa da Amurka. Ita ce masu ƙananan jirage su ke jira. Tun shekarar 1986, kowane watan Nuwamba jirage masu yawa su kan taru a tsibiran Kanari, daura da ƙasar Maroko, su tashi rana ɗaya. Da farko Barbados su ke dosa, daga baya aka mai da masaukin tsibirin Sant Lushiya. Nisan ya kai kimanin kilomita 5,000, watau kamar daga Kano zuwa Ikko sau biyar, kuma yawancinsu su kan yi kusan mako 3 ba su ga tudu ba. Ba su tashi kafin Nuwamba, domin daga Yuni zuwa wannan wata lokacin manyan guguwa ne a wancan gefen teku. Ashe mai jirgi ma manomi ne a wajen duban lokaci, shi ma yana da damina da rani.

HANYAR RUWANKU

Yanzu sai mu komo gida, domin irin wannan yawo an taɓa yinsa a ƙasarmu. Ruwan da ku ke ban ruwa da shi daga madatsar Tiga ya ke fitowa, wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Kogin Kano da aka datse ya kan haɗu da Calawa, su zama kogin Haɗeja. Ya wuce Wudil da Ringim da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Nguru, ya bi ta Gashuwa da Gaidam da sunan Komadugu Yobe, har ya faɗa Tafkin Cadi. Mutanen wannan hanya sun daɗe da sanin jirgi. A 1987 wani Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani kwalekwale a binne. Masana suka auna shekarunsa, suka ce sun kai 8,000. Ba a sami jirgin da ya girme shi ba a Afirka duka.

Tafkin Cadi yana tsakanin Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Ruwansa na sha ne, ba shi da zurfi, kuma gefensa na gabas cike ya ke da tsibirai. Mazaunansu su ne Buduma, su kuwa suna kiran kansu Yedina. Masunta ne, makiyaya ne, suna da waɗansu shanu farare masu ƙahoni a kumbure, da a ke kira kuri, waɗanda su kan yi iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. Jirginsu na gargajiya, kadai, ba na katako ba ne. Da wata doguwar ciyawar ruwa su ke ɗaure shi dami-dami, wadda ta fi kacalla tsawo da kauri. Da irin ciyawar nan mutanen Masar na da su ke yin takarda. A da, a kan kadai su ke ɗauko kanwa daga gabas su kawo gaɓar Barno, daga nan fatake su kawo ta kasuwanninmu.

JIRGIN DA YA HAU RAƘUMI

A watan Maris 1850 waɗansu Turawa uku suka tashi daga Tarabulus, gwamnatin Ingila ce ta aiko su. Shugabansu Ricadsan, wanda Larabawa suka sa wa suna Yakubu. Sauran biyun Jamusawa ne: Bart, watau Abdulkarim, da Oberweg, wanda a ke kira Tabib. Tun 1823 waɗansu Turawa sun ga Tafkin Cadi daga gaɓa, amma ba wanda ya shiga cikinsa. Saboda haka waɗannan suka zo da jirginsu, wanda aka ƙera a tsibirin Malta. Da aka ga raƙumi ba zai iya ɗaukarsa ba, sai aka sa zarto aka raba shi huɗu. Ku dubi wannan al'ajabi, jirgin ruwa a bayan raƙuma, yana ratsa hamada inda ruwan sha ma sai an yi kwanaki a ke samu. Haka suka bi ta Murzuk da Gat da Azbin.

A Janairu 1851 suka rabu a ƙasar Damargu, a kan za su haɗu a Kukawa. Yakubu ya bi ta Zinder, amma bai isa ba, ya mutu a Ngurutuwa ran 4 ga Maris. Abdulkarim ya bi ta Tasawa da Katsina, ya shigo Kano a farkon Fabrairu, ya yi wajen wata guda. Tabib ya ratsa Maraɗi da Gobir, ya iso Kukawa a watan Mayu, zamanin Shehu Umar ɗan Shehu Laminu.

Aka kai gutattakin jirgin bakin tafki, kusa da wani ƙauye Maduwari, kafintoci suka harhaɗa shi, aka sa masa sunan Lod Famastan, ministan harkokin wajen Ingila na lokacin. Abdulkarim ya riga ya tafi Adamawa. Ran 28 ga Yuni 1851 Tabib ya shiga jirgin da 'yan mutane kaɗan, ya ɗaga ƙyallen iska.

Ku lura da wani abu a nan. A zamanin nan mutanen gaɓa suna tsoron Buduma ƙwarai, domin su kan fito da dare su kai hari su koma cikin ciyawa, ba mai iya bin su. Da Tabib ya shiga da ƙarfi, da bai fito ba. Amma ya san da ɗan gari a kan ci gari. Ya ƙulla abota da Fugo Ali, babban Maduwari, wanda ya san mutanen tsibirai, kuma jiragen Buduma suka yi masa rakiya suna nuna masa hanya. Da farko suka bi ƙananan hanyoyi cikin ciyawa, inda dorina da sauro ke da iko, har suka fita sarari. Suka sauka a tsibirin Belarigo, mutane suka karɓe shi hannu bibbiyu. Ya ci gaba gabas yana ratsa tsibirai har ya kai wani da a ke kira Guriya, sa'an nan ya juyo. Ya auna ruwa, ya tarar a yawancin wurare bai fi ƙafa 15 ba. Ran 8 ga Agusta ya komo Maduwari lafiya, bayan kwana 40 da 'yan kai. Shi ne Bature na farko da ya yi yawo a cikin tafkin.

ABIN DA YA SALWANTA

Ga inda na ke so ku buɗe kunne. Tabib mutum ne mai ilmi, ya san duwatsu da taurari, yana da son mutane. Amma yana da wani hali guda: ba ya zama ya rubuta abin da ya gani filla-filla. Sai ya ɗan zana da fensir a gaggauce, da nufin zai gyara wata rana in ya huta. Wata ranar ba ta zo ba. A Satumba 1852 ya fita harbin tsuntsayen ruwa, ya shiga ruwa da tufafinsa, ya yini da su a jiƙe. Zazzaɓi ya kama shi. Ya roƙa a mai da shi Maduwari, can ya mutu ran 27 ga wata, yana da shekara 30. Abdulkarim ya binne shi a gindin wata aduwa, ba nisa da tafkin.

Da aka aika da takardunsa Turai, sai aka tarar da yawansu ba su karantuwa. Wani masanin taswira, Fetaman, ya yi ta fama da su, ya tsamo abin da ya iya, ya buga a 1854. Saura ya bi mai shi kabari. Sunayen tsibirai, da labarin sarakunansu, da al'adunsu, da dai abin da idonsa ya gani cikin kwana arba'in, kaɗan ne ya iso mana. Abdulkarim kuwa, ko ya gaji ko yana ciwo, ba ya barin rubutu. Da ya koma gida ya fitar da manyan littattafai 5 a 1857 da 1858. Har yau in masana suna son su san yadda kasuwar Kurmi ta ke a wancan zamani, da yadda saƙa da rini na ƙasar Kano su ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus, littafinsa su ke buɗewa. Ku mutanen Kura, masu rawani ɗan Kura, sana'ar kakanninku ce a ciki.

Hasarar ta ƙara girma domin tafkin da Tabib ya gani ya sāke. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, ya fi jihar Kano ta yanzu. Fari ya zo a shekarun 1970 da na 1980, ya janye har bai kai kashi ɗaya cikin goma na da ba, ko da ya ke daga baya ya ɗan farfaɗo. Wurare da yawa da jirgi ya kan ratsa sun koma tudu da fadama. A Janairu 2015 kuma 'yan ta da ƙayar baya suka faɗa wa Baga, mutanen gaɓa da na tsibirai dubbai suka bar gidajensu. Abin da ba a rubuta ba a lokacinsa, ba a iya komawa a sāke ganinsa.

Akwai wani ɗan'uwanmu a cikin labarin nan. Wani yaro Bahaushe, Dorugu, mutumin Dambanas a ƙasar Damagaram, an kama shi bawa aka kai shi Kukawa. Tabib ya 'yanta shi, shi da wani yaro Abbega. Bayan mutuwar Tabib suka bi Abdulkarim har Sakkwato da Tambutu, a 1855 suka tafi da shi Ingila. Can Dorugu ya zauna da wani malami, Shon, yana faɗin labarin rayuwarsa da Hausa a na rubutawa, aka buga shi a 1885 cikin littafin Magana Hausa. Daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912. Ku duba fa. Mai jirgi da ilmin taurari ya tafi da yawancin abin da ya sani, yaron da ke riƙe masa raƙumi kuwa har yau a na karanta maganarsa.

JIRGIN CIYAWA A TEKU

Sanin Buduma bai tsaya a tafki ba. A 1969 wani mutumin ƙasar Nowe, To Hayadal, ya so ya gwada ko jirgin ciyawa irin na mutanen Masar na da zai iya ƙetare Atlantika. Ya nemi masu iya ɗaure shi, ya same su a Bol, bakin Tafkin Cadi. Aka kai su Masar, suka ɗaura masa jirgi mai tsawon mita 15, aka sa masa suna Ra. Ran 25 ga Mayu suka tashi daga Safi a Maroko, su bakwai, kowa daga ƙasa dabam. A cikinsu akwai Abdullahi Jibrin, kafinta mutumin Cadi, wanda bai taɓa ganin teku ba kafin wannan aiki.

Kadai na Buduma ba shi da wutsiya mai lanƙwasa sama, amma zanen jiragen Masar yana da ita, sai aka ƙara wa Ra. A cikin zanen akwai wata igiya da ta taso daga kan wutsiyar zuwa cikin jirgi. Ba a gane amfaninta ba, aka bar ta. Ashe ita ce ke riƙe da bayan jirgin. Sannu a hankali baya ya nutse, taguwar ruwa ta yi ta hawa. Bayan kusan mako 8, sun kusa Karebiya, tilas suka bar shi, wani ƙaramin jirgin yot ya kwashe su, ba wanda ya rasa ransa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A 1970 suka sāke ɗaura wani, wannan karo da igiyarsa, mutanen tafkin Titikaka na Amurka ta Kudu ne suka yi aikin. Su takwas suka tashi daga Safi ran 17 ga Mayu, suka isa Barbados ran 12 ga Yuli, kwana 57. A hanya suna ta ganin dunƙulen baƙin mai yana yawo a kan ruwa, kullum suna rubutawa. Da suka ƙirga, sun gan shi a kwana 43 cikin 57. Suka kai rahoto Majalisar Ɗinkin Duniya. Da baki kawai suka faɗa, da an ce zancen matafiya ne. Amma ga rana, ga wuri, a rubuce, sai duniya ta saurara.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ba na tsammanin akwai wanda zai sayi yot a cikinmu, amma jirgi kam muna shiga. A Tiga akwai masunta, a ƙauyukan bakin madatsun ruwa kuma a na fito da mutane kullum. Kun tuna ran 30 ga Nuwamba 2021, sa'ad da jirgi ya kife a madatsar Watari ta Ɓagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. An cika shi ne fiye da ƙima. Mutanen da ke ƙetare teku su huɗu suna isa, domin sun ƙirga kansu, sun ƙirga kayansu, sun san abin da jirginsu ke ɗauka. Mu kuwa a ruwan da a ke hango gacinsa mu ke hasarar 'ya'ya. Yanzu kun iya ƙirga, kun iya karanta lamba. In za ku shiga jirgi, ku tambayi mai fito mutum nawa ya ke ɗauka, ku ƙirga da idonku. In ya cika, ku jira sawu na biyu, ku kuma hana yaranku shiga. In akwai rigar ruwa, ku sa, ba ragwanci ba ne. Kada ku yarda da fiton dare, ko lokacin da hadari ya haɗu.

Sa'an nan kowa ya sayi ɗan littafi da biro, ya mai da shi littafin jirginsa. Gonarka jirginka ce, iyalinka su ne mutanen ciki. Ka rubuta ranar da ka yi yafi, da ranar da ruwa ya iso layinka, da ranar da bai zo ba. Ka rubuta buhun taki nawa ka zuba, nawa ka saya, bashin wa ka ci, buhu nawa ka casa, nawa dillali ya biya ka. Kada ka ce sai ka ƙware tukuna, kada kuma ka ce sai gobe in ka huta, domin haka Tabib ya ce. Layi biyu kowace magariba sun isa, amma ka yi su yadda ɗanka zai iya karantawa. Bayan shekara uku za ka buɗe ka ga inda ka fito da inda ka dosa, kuma ran da gardama ta tashi a kan rabon ruwa ko a kan bashi, ba sai ka yi rantsuwa ba.

Dattawanmu da ke nan sun ga ƙasar nan tun ba a haƙa kanal ba. Sun san inda kogi ya ke kwana a da, da sunayen garuruwan da ruwan Tiga ya tasa. Ku zauna da su, ku tambaye su, ku rubuta tun suna tare da mu.

Iyakar jawabina ke nan. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya ba mu damina da rani masu albarka, ya kai kowa gida lafiya.